Kuɗin Tsaron Arewa: Tambayar da Rediyon Gwamnati Ba Ta Yi

Ya ku 'yan uwa mazauna bakin iyaka, na Fotokol da Kusiri, na Mora da Kolofata da Amcide, na Mokolo har gangarowa Garwa:

Ranar 17 ga Mayu 2014 Shugaba Paul Biya ya tsaya a birnin Paris ya shelanta yaƙi da Boko Haram. A Paris ya faɗa, mu kuma a ƙofar gidajenmu aka gwabza. A 2025 shekara 11 ke nan. A tsawon waɗannan shekaru babu wanda bai ji a rediyo ba cewa gwamnati ta zuba maƙudan kuɗi domin tsaron Arewa Mai Nisa. Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato za ku sake jin haka safe da yamma, kuma 'yan RDPC za su zo ƙofar lamiɗo da ƙofar lawan su maimaita muku. To mu tambayarmu ƙarama ce, irin wadda uwa take yi wa yaron da ta aika kasuwa: nawa aka ba ka, me ka sayo, ina canji? Gidajen labaran da ya kamata su yi wannan tambaya a madadinmu sun ƙi yi. Wanda duk ya yi ta kuma, sai su nuna shi kamar maƙiyin soja. Abin da ya sa muka rubuta wannan takarda ke nan.

Bari mu fara kawar da wannan ƙazafi. Sojan da yake kwana a rami a Darak ko a Sagme ɗanmu ne. Da yawansu 'ya'yan talakawa ne da suka shiga aikin saboda babu wani aiki. Ba don su ba, da sojojin Cadi da suka tsallako ta Kusiri a Janairun 2015, da 'yan bangar ƙauyuka masu kwari da baka, da Allah kaɗai ya san inda muke yau. Wanda ya ga abin da aka yi wa Fotokol ranar 4 ga Fabrairu 2015, da aka yanka mutane har a cikin masallaci, ba zai taɓa cewa a rage wa soja harsashi ba. Muna son a ƙara masa. Amma kafin a ƙara, muna son mu san ko na farkon ya isa hannunsa.

Ga abin da aka sani. Kuɗin tsaro a Kamaru aljihu biyu ne. Na farko shi ne kasafin ma'aikatar tsaro, wanda ake kai wa majalisar dokoki a Yawunde duk ƙarshen shekara. A 2015 ya ɗan haura miliyar 200 na sefa, miliyar ɗaya kuwa miliyan dubu ce. A 2024 ya wuce miliyar 300. Wannan adadi jaridar Cameroon Tribune tana bugawa, CRTV tana karantawa, a nuna minista yana fitowa daga ɗakin kwamitin kuɗi yana murmushi. Daga nan labari ya ƙare. Nawa ne a ciki ya zo Arewa Mai Nisa? Nawa ya tafi yaƙin yankunan masu magana da Ingilishi da ya ɓarke tun 2017? Nawa ne na albashi, nawa na man mota, nawa na manyan ofisoshi a Yawunde? Wa ya taɓa jin an rarraba wannan a rediyo? Kasafin ma a makare ake kawo shi, a ba depitoci 'yan kwanaki su duba takardu masu ɗaruruwan shafuka, a majalisar da RDPC take da kujera 152 cikin 180. Arewa Mai Nisa tana da kujeru fiye da kowane yanki. Cavaye Yegiye Jibril, ɗan Mayo-Sava, ya hau kujerar shugaban majalisar tun 1992, har a 2025 yana kanta. Duk da haka ba mu ji an tsayar da zama ko sau ɗaya ba domin a ce sai an kawo lissafin yaƙin da ake yi a garinsu.

Aljihu na biyu shi ne wanda ba a son magana a kansa. Kamfanin man fetur na ƙasa, SNH, yana sayar da man Kamaru. A ƙa'ida kuɗin baitulmali ya kamata ya shiga. Amma akwai wani kaso da SNH yake biya kai tsaye bisa umarnin fadar shugaban ƙasa, ba tare da ya bi ta baitulmali ba, sai daga baya a rubuta a littafi cewa an kashe. Galibinsa da sunan tsaro ake fitar da shi, kuma ta wannan hanya ake ɗaukar nauyin rundunar BIR, wadda take karɓar umarni daga fadar Etudi. A wasu shekarun wannan kaso ya haura miliyar 150. Asusun ba da lamuni na duniya, FMI, ya daɗe yana kuka a kai, har ya sa an ƙayyade masa iyaka a yarjejeniyar rancen 2017. Ku duba fa: Turawan da muke ci wa bashi sun san da wannan aljihu, suna tambaya, ana ba su amsa. Mu da aka ce domin mu ake kashewa, ko sunansa ba a faɗa mana ba. Wannan SNH ɗin dai shi ne wanda kamfanin Glencore ya amsa a gaban kotu a Landan, a 2022, cewa ya ba jami'ansa da na matatar Sonara cin hancin kimanin miliyar 7. Gidan da aka samu wannan a cikinsa, shi aka damƙa wa kuɗin yaƙi babu mai leƙawa.

Wani zai ce zato muke yi. To ga hukuncin kotun gwamnati da kanta. Edgar Alain Mebe Ngo'o shi ne ministan tsaro daga 2009 zuwa Oktoban 2015, wato shi ne a kan kujera lokacin da aka kai hari Kolofata aka sace matar mataimakin firaminista Amadu Ali a Yulin 2014, shi ne a kai lokacin Fotokol, shi ne a kai lokacin da bama-bamai suka tashi a Marwa a Yulin 2015. A Maris na 2019 aka kama shi. A farkon 2023 kotun musamman ta masu cin dukiyar ƙasa ta yanke masa ɗaurin shekara 30, saboda sama da miliyar 20 da ta ce sun salwanta ta hanyar kwangilolin kayan soja da aka ninka wa farashi. Ba mu muka faɗa ba, alƙalansu ne.

A nan ne muke son ku tsaya ku yi tunani. Shekara shida mutumin yana ofis. A shekarun nan sau nawa kuka gan shi a talabijin yana duba fareti, yana miƙa makullan motoci, yana liƙa wa gawa lambar yabo? Sau nawa kuka ji ɗan jaridar gwamnati ya tambaye shi farashin takalmi ɗaya? Sai da fada ta juya masa baya, sannan jaridun da suka yi ta yi masa kirari suka gano yana da gidaje da motoci. Wannan shi ne ihu bayan hari. Kuɗin ya tafi, yaran da aka tura daji da kaya marasa kyau sun riga sun kwanta dama. Kuma darasin da aka koya wa ministan da ke biye shi ne ka ji tsoron fada kawai, domin jarida ba za ta taɓa ka ba muddin kana cikin alfarma.

Sojojin da kansu sun yi magana, ta hanyar da ta rage musu. A Satumban 2015 kimanin 200 da suka dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Afirka ta Tsakiya suka yi tattaki a titunan Yawunde suna neman haƙƙinsu na watanni. Da yake a gaban manya aka yi, nan da nan aka ba da umarnin biya. A Yunin 2017 wasu kusan 30 suka tare hanya a Zige, tsakanin Mora da Kusiri, suna neman alawus da kuma a canja su bayan daɗewa a bakin daga. Su kam kama su aka yi aka kwashe zuwa Yawunde. Gwamnati ta ce kuɗin da suke nema babu shi a tsarin rundunar haɗin gwiwa. Wataƙila haka ne. Amma labarin da aka ba ƙasa labarin rashin ɗa'a ne, daga bakin ma'aikatar da ake ƙara da ita. Babu wanda ya kawo mana bakin ɗayan ɓangaren, ko ya ce ga abin da ake ba soja a rana, ga tsawon da doka ta ce ya yi kafin a sauya shi. Bayan shekara huɗu, a Yulin 2021, a wannan Zige ɗin aka kashe sojoji 5, kwana biyu bayan an kashe 8 a Sagme.

Ni aikina fassara ne, daga Faransanci zuwa Hausa, don haka bari in ɗan tsaya a kan kalmomi, domin a nan ake fara yi mana wayo. Kusan duk labarin yaƙin nan daga sanarwar ma'aikatar tsaro yake fitowa. Ana rubuta ta a Yawunde, a karanta ta a labaran rana, gidan rediyon Marwa ya juya ta zuwa harsunanmu. Ku saurari yadda ake gina ta. Kullum maharan sun zo da yawa ɗauke da manyan makamai. Kullum dakarunmu sun mayar da martani mai ƙarfi. Kullum an "neutralisé" da dama daga cikinsu, kalmar da ba ta ce an kashe ba, ba ta ce an kama ba, ba ta ce an kora ba, ka fassara ta yadda ka ga dama. Sai a rufe da cewa shugaban ƙasa ya aiko da ta'aziyya kuma al'amura sun daidaita. Abin da ba ya taɓa shiga sanarwa shi ne awa nawa aka yi ana kiran agaji, ko motar da za ta kawo ɗauki tana da mai, ko mutanen gari sun kai rahoto tun da rana an yi biris. Mutanen Ngecewe, inda aka kashe 'yan gudun hijira a Agustan 2020, da na Mozogo a Janairun 2021, suna da amsoshin waɗannan tambayoyi. Ba a kai musu makirufo ba.

A Maris na 2025 aka afka wa sojojinmu a Wulgo, can tsallaken Fotokol ta ɓangaren Najeriya. Ma'aikatar tsaro ta ce 12 suka rasu, ta kuma ambaci ƙananan jirage marasa matuƙi da aka ɗaura wa abin fashewa. Allah ya ji ƙansu. A ƙasar da jarida take aikinta, washegari za a zaunar da minista a tambaye shi: bayan shekara 11 da dubban miliyoyi, me aka saya domin kare sansani daga irin wannan? In an saya, ina yake? In ba a saya ba, me ya hana? Mu kuwa aka nuna mana akwatuna lulluɓe da tuta, aka busa ƙaho, aka wuce zuwa labarin ƙwallo. Ranar 20 ga Mayu kuma aka shafe awanni ana nuna mana tankoki masu ƙyalli suna wucewa a babban titin Yawunde, mai sharhi yana jera sunayensu kamar maroƙi a gidan biki.

Kada a ce 'yan jaridar Kamaru ragwaye ne gaba ɗaya. An koya musu tsoro ne, kuma da ɗanmu aka fara koyarwar. Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, wanda da yawanku kun san muryarsa, an kama shi a Marwa ranar 30 ga Yuli 2015. Watanni aka yi ba a san inda yake ba. Aka gurfanar da shi a kotun soja ƙarƙashin dokar ta'addanci ta 23 ga Disamba 2014, dokar da ta ba kotun soja ikon shari'ar farar hula, take kuma ɗauke da hukuncin kisa. A Afrilun 2017 aka yanke masa shekara 10. Sai a Disamban wannan shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa wata 24, alhali ya riga ya yi wata 29 a tsare. Tun kafin shi, a 2014, an tuhumi Félix Cyriaque Ebolé Bola na jaridar Mutations da Rodrigue Tongué na Le Messager da malamin aikin jarida Baba Wame da laifin ƙin tona abin da suka sani. Shekara uku suna zarya a kotun soja kafin a wanke su. Bayan wannan, wane yaro ne mai mata da 'ya'ya zai ɗauki rikoda ya nufi Kolofata yana tambayar kuɗin abincin soja? In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Haka suka yi, kuma ba mu ga laifin ƙananansu ba.

Ku tuna da bidiyon da ya bazu a wayoyi a Yulin 2018, na mata biyu da yara biyu da aka kai gefen hanya aka harbe. Gwamnati ta bakin kakakinta ta ce ƙarya ce, aka ma riƙa yaɗa cewa a Mali aka ɗauka, kuma kafofin gwamnati suka bi sahu. Masu bincike na waje suka bi duwatsun da ke cikin hoton har suka nuna wurin, kusa da Zelevet a Mayo-Tsanaga. Daga baya aka kama sojoji 7, kuma a Satumban 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu shekara 10, ɗaya shekara 2. Haka batun mutanen Magdeme da Duble, da aka kwashe sama da 200 a Disamban 2014, gwamnati ta amsa cewa 25 sun mutu a tsare a Marwa, fiye da 100 kuma iyalansu suna ta cigiya. Mun kawo wannan ne saboda dalili ɗaya: bakin da ya ce muku bidiyon ƙarya ne, shi ne bakin da yake ce muku an kashe kuɗinku yadda ya dace.

CRTV kuwa da kuɗin jama'a take ci. Ma'aikaci mai albashi ana yanke masa harajin rediyo da talabijin kowane wata, ko malamin makaranta ne a Makari, ko ɗan adawa ne, ko ɗan RDPC. Ba a tambayar katin jam'iyya wajen yanka. Amma in ministan tsaro ya yi magana a ba shi rabin labarai, in ɗan adawa ya ce a binciki kwangila, ko dai a yi shiru, ko a gayyato mutum uku su zauna su yi ta nanata cewa lokacin yaƙi ba lokacin siyasa ba ne, masu irin wannan magana suna karya gwiwar dakaru. Shi wanda ake zagin ba ya wurin. Hukumar CNC mai sa ido kan kafofin labarai, wadda shugaban ƙasa ne yake naɗa membobinta, ta iya dakatar da ɗan jarida mai zaman kansa wata ɗaya ko wata uku. Yaushe ta taɓa jan kunnen gidan gwamnati saboda ya hana 'yan adawa baki? A Oktoban 2024 ministan cikin gida Paul Atanga Nji ya haramta ko tattauna lafiyar shugaban ƙasa a kafofin labarai, wai batun tsaron ƙasa ne. In lafiyar mutumin da ya nemi ƙuri'arku a 2025 yana da shekara 92 ta zama sirrin tsaro, to ina ga rasit ɗin sayen bindiga?

Jaridu masu zaman kansu ma ba mu wanke su duka ba. Talauci ya yi musu katutu, talla kuwa a hannun ma'aikatu da kamfanonin gwamnati take. Kowa a Yawunde ya san abin da ake kira "gombo", wato kuɓewa, ambulan ɗin da ake miƙa wa ɗan jarida bayan taro. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wasu gidajen kuma na attajiran da suke cin kwangilar gwamnati ne, in ka ji sun taso wani minista a gaba, faɗan cikin gida ne, wani ɓangare yake sara wani. Wanda ya matsa da gaske, kun ga abin da ya samu Martinez Zogo na rediyon Amplitude FM. Ya yi ta magana a kan kuɗin da ake fitarwa ta wasu layukan kasafi, aka sace shi ranar 17 ga Janairu 2023, aka tsinci gawarsa bayan kwana biyar. Cikin waɗanda ake tuhuma har da manyan jami'an leƙen asiri, kuma har zuwa 2025 kotun soja ba ta yanke hukunci ba. A gefe guda dole a yaba wa irin su L'Œil du Sahel, jaridar da ta daɗe tana ƙirga matattunmu ƙauye bayan ƙauye lokacin da na kudu ba su san sunayen garuruwan ba. Sai dai da Faransanci take fita, kuma kwafi nawa ne yake isa Bulangwa ko Hile-Alifa?

Su ma masu Facebook da WhatsApp a yi hattara da su, har da waɗanda suke cewa suna tare da mu. In an kashe 10 su ce 100, su ɗauko hoton wata ƙasa su liƙa. Wannan kyauta ce suke ba gwamnati, domin da ƙarya ɗaya tasu ake rufe gaskiya goma.

Akwai kuma kuɗin da aka ce na sake gina yankin ne, wanda ake haɗa shi da na tsaro in ana jawabi. Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri kilomita 205 ce. Kamfanin Sin ya bar aikin bayan an sace ma'aikatansa 10 a Waza a Mayun 2014. Aka miƙa wa injiniyoyin soja da kuɗin Bankin Duniya, aka yi bikin ƙaddamarwa, aka nuna a talabijin. Ku tambayi direban da ya ɗauko kaya zuwa Njamena da daminar nan kwana nawa ya yi. An kuma shelanta shirin musamman na sake gina Arewa Mai Nisa na miliyar 1,810. Adadin ya yi ta yawo a kanun jaridu kamar an riga an sauke kuɗin a Marwa, alhali lissafin abin da ake fatan samowa ne. Jarida mai gaskiya za ta bambanta wa mai karatu abu uku: wanda aka yi alkawari, wanda aka saki, da wanda aka gina. Tamu ta gwamnati takan buga na farko da manyan baƙaƙe, sauran biyun ta bar wa Allah. Kuma har yanzu sama da mutum 300,000 na yankin nan ba sa kwana a garuruwansu.

Ga gudummawar da aka tara a 2015. Ma'aikata, 'yan kasuwa, sarakuna, har masu sayar da goro sun ba da abin da suka iya domin soja da waɗanda yaƙi ya shafa, aka tara fiye da miliyar 2, aka kafa kwamitin ministoci. Ranar karɓa an nuna kowa da buhunsa da shanunsa. 'Yan banga kuma, da suke tare 'yan ƙunar baƙin wake da ƙirjinsu, an nuna ana ba su babura da tocila da lambar yabo. Matan waɗanda suka mutu a cikinsu, wa ya koma ya ji yadda suke ciyar da marayu?

Mu na bakin iyaka muna da wata dama da 'yan Yawunde ba su da ita, muna jin rediyon maƙwabta da harshenmu. Mun ji yadda aka yi ta tone-tone a Najeriya kan dala biliyan 2.1 na makamai a shari'ar Sambo Dasuki tun 2015, da sunaye da adadi. Mun ji binciken ma'aikatar tsaron Nijar a 2020, da ya nuna miliyar 76 sun bi iska, duk da cewa can ma an kama 'yar jarida Samira Sabu a kan batun. Ba mu ce sun fi mu tsarki ba. Amma abin kunya ne a ce mutumin Amcide ya fi sanin ɓarnar Abuja da ta Yamai fiye da ta ƙasarsa, alhali maƙiyi ɗaya muke yaƙa.

Za su ce muku sirrin tsaro ne. Akwai sirri na gaskiya, kuma mun yarda da shi: inda za a kai samame gobe, yawan dakarun da ke wani sansani, wanda yake kawo rahoto. Babu mai hankalin da zai nemi a karanta wannan a rediyo. Amma farashin shinkafar soja ba sirri ba ne. Sunan kamfanin da ya ɗinka kaki ba sirri ba ne. Ko an biya matar marigayi haƙƙinta ba sirri ba ne, ita ta sani, maƙwabta sun sani. Ɗan Boko Haram ba ya ƙaruwa da komai in ya ji kuɗin taya, wanda ya ninka farashin ne kaɗai yake asara. Kuma an taɓa gwadawa ƙasa ba ta rushe ba. Sashen binciken kuɗi na Kotun Ƙoli ya bi diddigin asusun korona na miliyar 180, rahoton ya fito a 2021, kowa ya ga yadda aka yi da kuɗin gwaji da magani. Dokar 11 ga Yuli 2018 kan bayyana harkokin kuɗin gwamnati tana nan, shugaban nan ne ya sa mata hannu. Sashe na 66 na tsarin mulkin 1996, da ya ce manya su bayyana dukiyarsu, a 2025 ya cika shekara 29 yana jiran a fara aiki da shi.

Abin da muke nema bai wuce wannan ba. Kuɗin SNH ya bi ta baitulmali kamar kowane kuɗi. Alƙalan binciken kuɗi su duba kwangilolin tsaro tun daga 2014, abin da yake sirri na gaskiya a karanta wa kwamitin depitoci da ya haɗa da 'yan adawa, sauran a buga. A cire 'yan jarida da duk farar hula daga hannun kotun soja. A yi dokar da za ta ba ɗan ƙasa ikon neman takardar gwamnati a ba shi, domin har yau Kamaru ba ta da ita. Gidan rediyon Marwa kuma ya riƙa karanta kason yankin nan da Fulatanci da Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa da Mafa da Mandara, yadda tsohuwar da ba ta shiga lakwal ba za ta ji da kunnenta, a buɗe waya mutane su kira su ce ga abin da suka gani a garinsu.

Kafin ranar zaɓe za su zo muku da atamfa da sabulu da buhun shinkafa, da kyamara a bayansu. Ku karɓe su da mutunci, baƙi ne. In an ba da dama, dattijo ɗaya ya miƙe ya tambaya a gaban kyamarar: nawa aka kashe a kan tsaron wannan gunduma bara, kuma a wace takarda za mu gani? Da dare ku kunna talabijin ku duba ko an nuna tambayar. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba wannan takarda, a majalisa, a tasha, a cikin gida wurin mata. Wanda bai karɓi katinsa ba ya je ofishin ELECAM na garinsa tun yanzu, 'yan gudun hijira su tambayi inda aka sa sunansu kada sai ranar ta zo. Ranar zaɓe ana buɗe rumfa ƙarfe 8 na safe, a rufe ƙarfe 6 na yamma, kuma doka ta ce a ƙirga ƙuri'u nan take a gaban jama'a. Ku tsaya har a gama ƙirga, ku rubuta adadin da aka faɗa, ku kai wa wakilinmu na rumfar.